Shafi Shida a Kan Maɗaba'ar Baba

Ranar Litinin

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Na san in na kira ka a waya "eye? eye?" za mu yi ta yi har mu gaji, shi ya sa na zauna na rubuto, na ba direban da ke zuwa wajenku.

Ni dai ga ni nan, sai gajiya. Zangon nan ɗalibai ɗari da arba'in aka tara mini a ɗakin da aka gina don mutum sittin. Wasu a bakin taga, wasu a tsaye a baya suna rubutu a kan bayan juna. Majigi ya mutu tun bara, fanka ɗaya ce ke juyawa. Ga ni ina koya musu yadda kamfanoni ke karɓar sabuwar fasaha su tafiyar da ita, makar da nake rubutu da ita a allo kuwa sai na girgiza ta kafin ta yarda ta yi baƙi.

Yaya, akwai maganar da na daɗe ban gaya maka ba. A darasin nan, sai an ɗauko labarin kamfani na gaske an shimfiɗa wa ɗalibai, su tono inda aka yi daidai da inda aka kauce. Littattafanmu duk labaran manyan kamfanoni ne na nesa, waɗanda yaran nan ba su taɓa ganin ko ƙofarsu ba, ina karantawa suna hamma. Saboda haka shekara goma sha ɗaya da suka wuce na rubuta musu labarin maɗaba'ar Baba. Ban sa suna ba, "mai gidan" kawai na ce. Na faɗi yadda aka matsa masa ya sayi sabon inji mai aiki da kwamfuta, da yadda ya rufe shi a ɗakin baya ya hana a taɓa, ya koma wa haruffansa na dalma, har masu kawo aiki suka watse aka kulle ƙofa. A duk abin da nake koyarwa, shi kaɗai ne ke tashe su daga barci.

Yanzu shugaban sashenmu yana haɗa littafi, yana so a sa labarin a ciki. An ce sai babba a gidan ya sa hannu, kai ne kuwa babba. Ga shafi shidan na haɗo da takardar izini. Ka karanta, kada ka ji haushina. Wata ɗaya aka ba ni.

Ka gaida Anti da kyau.

Taka,
Auta

*

Ranar Alhamis

Auta,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafa tana nan yadda kika san ta, ni ke lallashinta, ita ke mulki. Antinki tana gaishe ki, ta ce a gaya miki hotonki da kika aiko ya nuna kin rame.

Na karanta shafi shidanki sau biyu. Ga su nan na dawo miki da su. Za ki ga jan biro ya yi yawo a ciki, ki yi haƙuri, wanda ya shekara ashirin yana gyaran kurakurai ba ya iya ganin waƙafi a gurbin aya ya wuce. Ma'aikata tara ne, ba goma sha biyu ba. Ɗakin baya ba ya kallon titi, lungu yake kallo. Kuma ba a cewa "zuba haruffa", jera su ake yi, ɗaya bayan ɗaya, daga hagu zuwa dama, a kife. Baba yana jera layi guda kafin ki gama ɗaura ɗankwali.

Wato shekara goma sha ɗaya kina tsayar da Baba a gaban allo, yaran da ba su san warin tawada ba suna masa alƙalanci? A shafi na biyar kin rubuta tambaya: "Wace irin ɗabi'a ce ta shugaba ta kashe wannan kamfani?" Me suke amsawa? Ina so in ji. Kin ce ba ki sa suna ba. Mutum nawa ne suka taɓa rufe sabon inji da tamfol a ɗakin baya? Duk wanda ya san mu, layi uku zai karanta ya gane.

Lokacin da abin nan ya faru kina jami'a, hutu kike zuwa ki yi sati biyu ki koma. Abin da kika ji daga bayan labule shi kika mayar darasi.

Ba zan sa hannu ba. Takardar izinin ma ga ta nan yadda ta zo.

Ƙananan kurakuran duk na gyara. Babban ban taɓa shi ba, don jan biro ba ya gyara irinsa.

Ki riƙa cin abinci.

Yayanki

*

Ranar Talata

Yayana,

Sallama da gaisuwa. Na ga saƙo, na ga jan biro. Na gode da waƙafan. Ka ce wa Anti ba rama ba ce, hawa bene uku ne sau huɗu a rana.

Ka tambayi abin da suke amsawa, to zan gaya maka, ko da ba daɗi. Suna cewa taurin kai. Suna cewa tsoron sabon abu. Wani aji ma laƙabi suka sa masa, Baba Ba-A-Canjawa, kuma sunan ya bi shekaru, sababbi suna gadonsa daga tsofaffi. In an yi dariya nakan juya ga allo in yi kamar ina gogewa. Ba na jin daɗi, amma na ɗauka gaskiya ce, na kuma ɗauka in yaro ɗaya ya fita ya kauce wa irin wannan kuskure, Baba bai rasa maɗaba'arsa a banza ba.

Kuma Yaya, ba a bayan labule na ji ba. Ina zaune a tsakar gida ina wanke kwanuka, ma'aikata uku suka zo har gida suna roƙonsa a buɗe injin. Da kunnena na ji ya ce, "Na duba aikinsa, bai yi mini ba. Muddin ni ke riƙe da makullin wurin nan, ba mai kunna shi." Kana tsaye a bakin ƙofa, kanka a ƙasa. Tun ranar nake jin tausayinka. Kai da ka je ka yi sati shida kana koyon injin, aka hana ka ko taɓa shi. Na sha faɗa wa ɗalibai cewa ɗan mai gidan shi ne wanda aka fi zalunta a labarin.

Jiya na sake koyar da shi, don jadawali ba ya jiran rigimar gida. Akwai wata ɗaliba, matar aure ce, takan shigo a makare daga wurin aikinta ta zauna a gefe. Ana cikin dariya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ni fa abin bai shige ni ba. Mutumin da ba ya son inji, me ya kai shi saye?"

Na ce, "An matsa masa ne."

Ta ce, "Wa ya matsa masa? Ba ki rubuta ba."

Na ce mata tambaya ce mai kyau, abin da malami ke faɗa ke nan in ba shi da amsa. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa tambayar kaina ba, kawai na ƙaddara kai ne ka matsa.

Shugaban sashe ya tare ni a bene yau da safe, ya ce ina takarda. Na ce tana hanya.

Mene ne babban kuskuren, Yaya? In na yi wa Baba ƙarya, ina da haƙƙin in sani. Ni ma ubana ne.

Taka,
Auta

*

Ranar Lahadi

Auta,

Sallama. Muna lafiya. Wasiƙarki ta kwana goma sha biyu a aljihuna. Takarda huɗu na yaga kafin wannan. Ɗalibar nan taki ta fi ki iya tambaya.

Ba wanda ya matsa wa Baba. Shi ya ga injin a wurin baje kolin kayan ɗab'i, ya dawo kwana uku ba shi da hira sai tasa. Ni ne ma na ce a dakata. Ya ce, "In mun dakata, mu za a dakatar." Duk layinmu shi ya fara saye, kuma duk ƙarfinsa ya zuba a ciki.

Masu injin suka ce a turo mutum ɗaya ya koya. Baba ya turo ni. Kin san tun ina shekara sha huɗu nake tsaye kusa da tsohon inji. Lokacin da na kai talatin kunnena na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa. Ba wanda ya sani. A maɗaba'a kowa ihu yake yi, a gida kuma ana cewa miskilanci ne.

Wurin koyon wani babban zaure ne, injuna uku suna aiki lokaci ɗaya. Malamin saurayi ne mai magana ƙasa-ƙasa, yana yi yana kallon allon kwamfuta, ko bakinsa ba na gani balle in karanta. Sauran ɗaliban yara ne, hannunsu na rawa a kan madannai. Ni ne babba, har suna ce mini Oga. In ya juyo ya ce, "An gane?" kowa ya ce e, ni ma in gyaɗa kai. Sati shida ina gyaɗa kai. Ranar ƙarshe aka ba kowa takardar shaida, don zuwa ake dubawa, ba ganewa ba. Baba ya sa ta a gilashi ya rataye.

Ranar gwaji, Lahadi ce da safe, ba ma'aikata, daga ni sai shi. Ya sa sababbin kaya kamar mai zuwa ɗaurin aure. Akwai ƙa'idar cewa sai an bar mai ya zagaya injin na ɗan lokaci kafin a ba shi gudu. Da baki aka faɗe ta, ban ji ba. Na kunna, na ba shi gudu. Bai yi minti biyar ba gangar injin ta cije, haƙoran giyarsa suka kakkarye. Wannan ƙarar kam na ji ta.

Baba ya kashe wuta. Ya daɗe yana kallon injin, sannan ya zagayo ta hagun ɗina ya yi magana. Na ga bakinsa yana motsi. Ya dawo ta dama ya ce da ƙarfi, "Tun yaushe?"

Na ce, "An daɗe."

Ya ce, "Ni na tsayar da kai kusa da ƙarfen da ya cinye maka kunne, ni kuma na tura ka inda ake buƙatar kunne. Ɗauko tamfol."

Shi ke nan abin da ya faɗa a ranar. Washegari ya tara ma'aikata ya ce aikin injin bai yi masa ba. Lokacin saura wata biyu aurena, kuma kowa ya san ni zan gaji wurin. Ya ce mini tsoho in an ce da shi mai taurin kai ba abin da ya ragu, amma saurayi in an ce ya kashe inji a ranar farko, ba mai sake ba shi aiki.

Kada ki ɗauka ya zauna ne. Shekara biyu yana rubuta wa masu injin a ɓoye. Suka ce ɓarnar hannu ce, ba ruwansu. Daga baya suka ce kayan gyaran sai an yo odarsu daga nesa. Daga baya ofishinsu ya tashi, wasiƙu suka riƙa dawowa. Ba makaniken da ya san cikinsa. Mutum tara suka rasa aiki suna ganin Baba ne ya jawo musu. Biyu daga ciki ko gaisuwar rasuwarsa ba su zo ba. Ina ji ina gani na yi shiru, kuma da ya rasu na ci gaba da shirun, don ya riga ya zame mini jiki.

Kin ce kina tausayina. Ki daina.

Antinki ba ta sani ba. Kada ki yi zancen a waya, ita ke ɗauka.

Yayanki

*

Ranar Laraba

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Anti. Ka yafe mini jinkirin sati uku. Da na amsa a ranar da na karanta, da na rubuta abin da zan yi nadama.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na zauna na lissafa, ɗalibai sun haura dubu da suka fita daga hannuna suna yi wa Baba dariya, ni na ba su abin dariyar, kai kuma kana riƙe da gaskiyar. Sai na tuna ba ka san ina yi ba. Sai na tuna ni ma ban taɓa zama na tambaye ka ba, ni da nake hana ɗalibai rubuta labarin kamfani ba tare da sun je sun ji daga bakin mutanen ciki ba. Da fushin ya rasa inda zai sauka, sai ya koma gajiya. Kwana biyu ban je aiki ba.

Ranar Litinin na shiga aji na ce su fito da shafi shidan. Na ce labarin da na ba su ba daidai ba ne. Ban faɗi naka ba, don ba ka ba ni izini ba. Na ce dai mai gidan shi ya so injin, injin ya lalace a ranar farko, ya ɗauki laifin ya ɗora wa kansa. Na rubuta musu tambayoyi a allo: me ya sa aka koya wa mutum ɗaya tak, wa ya tabbatar ya koya, ina kayan gyara, kuma a kamfanin da za ku riƙe gobe, in ma'aikaci bai gane ba, zai iya faɗa muku?

Har na fara jin maganar ta shige su. Sai wani daga bakin taga ya ce, "Malama, to wanne zai fito a jarrabawa, tsohon ko sabon? Mu fa mun riga mun haddace tsohon."

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don in ban yi ba kuka zan yi. Da aka tashi, matar nan mai tambaya ta tsaya har kowa ya fita. Ta ce a wurin aikinsu an kawo sabuwar manhaja wata huɗu ke nan, kowa yana cewa ya iya, kowa kuma a ɓoye yana aikinsa a tsohon littafi. Ta dube ni ta ce, "Malama, kin san mai gidan nan, ko?" Na ce mahaifina ne. Ban taɓa faɗa wa ɗalibi ba sai ranar.

Shugaban sashe bai ji daɗi ba. Ya ce tsohon ya fi tsabta, darasi ɗaya ne a fili, sabon kuwa ba a san wa za a ɗora wa laifi ba. Ya ce in bar shi yadda yake, tunda ba suna. Na ce na janye shi. Ya ce to sunana ba zai shiga littafin ba, kuma in tuna ana duba irin wannan wajen ƙarin girma. Na ce na sani. Shekara shida ina mataki ɗaya, ta bakwai ba za ta kashe ni ba.

Na sake rubuta labarin, ya kai shafi tara, da kai a ciki, da zauren, da kunnen. Ga shi nan. Ba don littafi ba, don aji kawai. In ka ce a'a, zan ƙona shi in koma wa kamfanonin nesa su ci gaba da hamma. In ka ce e, ina roƙon ka zo da kanka ka zauna da su ko rabin awa.

Tambaya ɗaya kuma. Cikin mutum taran nan, wa ya rage?

Taka har kullum,
Auta

*

Ranar Asabar

Auta,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya.

Na karanta. Ki koyar da shi. Aji kam ba zan zo ba, kada ki sake roƙo.

Jiya na gaya wa Antinki. Ta tashi ta shiga ɗaki, amma ta kawo mini shayi da safe.

Mutum ɗaya ya rage, mai yankan takarda, dogon nan da yake ɗaga ki ya ɗora a kan tebur. Yana cikin biyun da ba su zo gaisuwa ba. Yana wurin 'yarsa, an ce jikin ya yi nisa. Sau biyu na kai bakin layinsu a satin nan don in gaya masa gaskiya, na juyo.

Asabar mai zuwa zan sake gwadawa. In kin samu dama ki biyo motar safe. Ba sai kin ce komai ba, ki dai tsaya a bayana, yadda ba zan samu hanyar juyawa ba.

Yayanki